Bazarar da aka ce ya warke

Jiya da hantsi na shiga taksi daga unguwarmu Bukoki zan je kasuwa sayen ƙanƙara da kayan miya. Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun safe, iskar da ke shigowa ta tagar motar kuma ba ta da maraba da hucin murhu. Kusa da ni wata mata ce zaune, ba ta wuce sa'ar 'yata Nana ba, riƙe da babbar ambulan ɗin nan ruwan ƙasa da ake saka hoton ƙashi a ciki, wanda mu nan muke ce wa radiyo. Fifita take yi da ita. Ban san ta ba, ban tambaye ta komai ba, amma na ji ta ce wa mai taksi ya sauke ta inda konsai ke zama. Sai da muka wuce kasuwar na tuna abin da ya fito da ni.

Konsai, ga wanda Allah ya rufa wa asiri bai taɓa saninta ba, taron likitoci ne da ke duba ma'aikacin gwamnati idan ciwo ya daɗe da kwantar da shi. Likitanka da ya san ka, ya yanka ka, ya ɗinke ka, iyakarsa ya rubuta abin da yake gani. Su ne masu cewa a ƙara maka hutu ko ka koma bakin aiki. Sau uku na taka ƙofarsu cikin shekara guda, shekarar da wutsiyar bazara ta haɗe da azumi, kusan shekara goma ke nan.

Maigidana, Baban Nana, direba ne a wata ma'aikata mai kai wa manoma iri da taki. Mu mutanen Maraɗi ne, aikin ne ya kawo mu Yamai tun Nana tana goye. Shekara da shekaru yana bisa hanyoyin jan ƙasa masu girgiza hanjin mutum, har gadon bayansa ya gaji. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya gangara ƙafar hagu, ta kai in zai yi ruku'u sai ya dafa bango. Cikin sanyin shekarar aka yi masa aiki. Likitan da ya yi aikin, wani dogon mutum marar yawan magana, ya kira ni gefe ya ce, "Madam, nawa aikin ya yi kyau, saura naku. Kada ya duƙa, kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi, kada ya daɗe zaune cikin mota. In kun ba ƙashin nan lokacinsa, zai koma kamar kowa." Aka ɗaura masa wata faffaɗar ɗamara mai ƙarafa a ciki, korse sunanta, tun daga ƙirji har ƙugu.

Zuwanmu konsai na farko lafiya lau muka rabu. Ni na riƙo shi, don haka aka bar ni na shiga. Dogon tebur ne, likitoci uku a jere, babbansu a tsakiya da tabarau bisa karan hanci, sai mai rubutu, sai wakilin ma'aikatar marar lafiya can ƙarshen tebur. Namu wakilin Lawali ne, mai kula da sha'anin ma'aikata a ofishinsu Baban Nana, biro kamar yadda muke cewa, ɗan Maraɗi kamarmu, wanda lokacin da yake gwauro kwanon tuwonsa a gidanmu yake. Ganinsa ma ya kwantar mini da hankali. Suka kwantar da Baban Nana bisa gadon gwaji, suka ɗaga ƙafarsa har ya cije leɓe, suka buga masa 'yar guduma a gwiwa, suka tsikari yatsunsa da allura suna tambaya ko ya ji. Suka ɗaga radiyo wajen hasken taga, suka yi ƙus-ƙus da Faransanci. Wata uku, in ji su, sa'an nan ya dawo a sake dubawa.

Daga nan bazara ta sauko. Na ga zafin Yamai kafin wannan, na gani bayansa, har bana ina gani, amma na shekarar nan ban ga irinsa ba. Rana ba ta gama ɗagawa ba kwanon rufi zai fara ƙas-ƙas. Bango da zafi, tabarma da zafi, ruwan randa ma ɗumi. Ka taɓa ƙofar ƙarfe ka janye hannu ba shiri. Ruwan mangwaro da kan ɗan sauka ya sanyaya gari, shekarar nan ko ɗigo bai zo ba. Yanzu gidaje da dama sun kafa farantin rana a rufi, ko su sayi 'yar bantilate, wato fanka, mai caji. Lokacin in kuran ya tafi, to ya tafi, sai mafici da haƙuri.

Gidan haya muke, ɗakuna suna kallon tsakar gida guda, famfo guda. Famfon ba ya kawo ruwa sai gab da asuba, shi ma a tsiyaye. Ni da maƙwabciyata Hamsa, Bazabarmiya, matar Umaru mai taksi, muka raba aikin: yau ni ke gadin bokitai, gobe ita. Wadda ta tara ta cika randar 'yar'uwarta kafin tata. In famfo ya ƙi sam, sai mu bi 'yan garuwa har bakin titi muna roƙo, su kuwa suna jan aji, don gari duka su ake jira. Ruwan wanke shinkafa shi ne na wanke-wanke, na wanke-wanke shi ake yayyafa wa ƙasa a samu inda za a shimfiɗa tabarma.

Gidan direba ba albashi ke riƙe shi ba, wannan kowace matar direba ta sani. Abin da ke riƙe shi shi ne ɗan guzurin misiyo, wato tafiyar aiki zuwa ƙauyuka, da abin da maigida kan ɗauko a hanya da araha: gero, albasa, gawayi, wata rana har da zabo. Da ya kwanta duk wannan ya tsaya cak. Nama ya bar tukunyata ba sallama. Da rana Hamsa kan kwaɗa kopto, zogale da ƙuli-ƙuli da yaji, mu haɗa da garin rogo, kowa ya ci ya sha ruwa. Na ce bari in taimaki kaina, na fara ƙulla zoɓo da lemu-hari a leda ina sa wa a firigon Hamsa, wato firjinta, don sayarwa. Sai su fara daskarewa kuran ya tafi, su narke, su yi tsami. Ba sau ɗaya ba na zubar da guminmu a kwata ina tsinuwa cikin zuciya.

Shi kuwa yana kwance bisa katifa a ƙasa, korse ta dafa masa jiki. In na kwance ta don in goge shi, fatar ta yi ja wur da ƙurajen zafi, wani wurin har ya saɓule. In jiƙa zane in shimfiɗa masa, kafin in juya ya bushe. Salla bisa kujera yake yi. Mutumin da bai iya zaman gida ba, ga shi ya san kowace tsaga ta rufin ɗakinmu. Amma yana samun sauƙi, wannan da idona na gani. Ya fara takawa zuwa ƙofar gida, daga baya har masallacin unguwa, a hankali, da sanda.

Mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Maraɗi tun lokacin aikin, da ɗan buhun gero da daddawa. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Mai Mota take ce masa. Da safe ta leƙa shi ta ce, "Mai Mota, yau kuma ina za a kai mu? Daga katihwa zuwa bayi?" Shi ya yi dariya har ya dafe baya. Wuni take yi zaune a kansa da mafici, hannu ɗaya ya gaji ta juya ɗayan. In na miƙa mata ruwa ta ɗan jiƙa baki ta mayar. "Ruwan ga da wuya anka same shi, ɗiyata, a bar ma mai ciwo." Na yi faɗa, na yi lallashi, tsohuwa ta ce ita ƙishirwa ba ta damunta.

Wata safiya a tsakiyar zafin ta ce kanta na juyawa. Kafin in kawo mata kunu ta zame a jikin bango. Umaru ya ɗauke ta a taksinsa zuwa ɗakin shan magani, aka sa mata ƙarin ruwa, amma ba ta kai azahar ba. Tsofaffi da yawa zafin shekarar ya ɗauka a unguwarmu, sai dai ba ka sanin nauyin abin sai ya shigo ɗakinka. Maraɗi wuni guda ce a mota, gawa kuma ba ta jira a irin wannan rana. Ƙannenta maza ba za su iso ba. Aka sa jana'iza bayan la'asar, a maƙabartar Yantala.

Da zai fita na kama hannun rigarsa a bakin ƙofa. "Malam, ka tuna abin da lokotoro ya ce." Ya zare hannunsa a hankali ya shiga motar Umaru.

Mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka abin da ya faru can daga bakin Umaru na ji. Da aka kai ta bakin rami, liman ya ce, "Ina ɗanta? Ina muharraminta?" Mace in za a sa ta a kabari, nata ne ke shiga ya karɓe ta. Maƙwabta suka ce ɗan ba shi da lafiya, liman ya ce to babu laifi, in da lalura wani dattijo ya shiga. Sai Baban Nana ya ce, "Ina tsaye da raina wani shi sa uwata cikin ƙasa?" Ya ɗaga riga ya kwance korse, ya miƙa wa Umaru tare da sandar, ya zauna bakin ramin ya zura ƙafafu ya sauka. Ya karɓi kanta da kafaɗunta, ya duƙa har ƙasa, ya kwantar da ita bisa damanta, ya gyara mata fuska wajen alƙibla. Da ya gama ya kasa fitowa. Umaru da wani suka kama shi ta hammata suka jawo shi, ya zauna bisa tudun ƙasa fuskarsa ta yi toka, gumi na zuba. Da aka gama rufewa mutane suka yi layin gaisuwa, sai ya miƙe ya tsaya ƙyam, don ba a karɓar gaisuwar uwa a zaune cikin ƙasa. Lawali yana wurin da mutanen biro, tun daga farko har ƙarshe.

Na yi fushi da shi kuwa? Na yi, har na kasa kallonsa da ya dawo. Amma ban taɓa ce masa bai kyauta ba, don da ni ce ɗan, ramin zan shiga.

Kwanakin zaman makoki ya yi su zaune ƙofar gida ƙarƙashin rumfar tamfol, yana amsa wa kowa. In mutane sun watse ya shigo ɗaki da jan ƙafa, ya kwanta ya cusa gefen zane a baki don kada baƙin Maraɗi su ji nishinsa. Ranar addu'ar uku Lawali ya zo da buhun shinkafa na gudummawar biro. Na ji shi ta labule yana cewa, "Allah shi jiƙan Inna. Amma alhamdu lillahi, yaya, na ga jiki ya yi ƙwari." Baban Nana ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Me zai ce, a gaban mutane?

Da baƙi suka tafi muka koma wurin likitan da ya yi aikin. Ya duba, ya danna, ya ja dogon tsaki. Ya ce aikin bai ɓaci ba amma an girgiza shi, an mayar da mu baya. Lalle a ƙara masa wata uku yana kwance, in ba haka ba shi ba ruwansa. Ya rubuta hakan ya buga hatimi, muka saka a ambulan muna jiran ranar konsai.

Kafin ranar azumi ya kama. Zafin ya sake launi, ya zama mai nauyi, mai danƙo. Da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, kowa ya fito yana kallo, sai iska ta kwashe shi ta bar mu da gumi. Harshe kan manne a ganɗa tun kafin azahar. Layin ƙanƙara a bakin shagon mai injin wuta ya fi layin famfo faɗa, manyan mata da zoben zinariya suna ture juna a kan dunƙulen da bai kai kan jariri ba. Ni da Hamsa mu sayi guda mu naɗe shi da buhu mu ruga gida, mu fasa biyu. Shan ruwanmu kunu ne da ƙosai, in an samu. Na ce wa Baban Nana marar lafiya ba dole ba ne ya yi azumi, ya ce mutumin da ke kwance wuni guda wace wahala ya sha da zai sha azumi.

Ana gobe za mu je, Hamsa ta shigo da shawara. "Ramatu, kada ki bari ya sa kaya mai kyau. Tsohuwar riga, ba wanka, ba turare. In sun taɓa shi ya yi kuka. Ƙanena haka ya yi, sun ba shi hutu." Baban Nana yana jin ta daga katifa. Ya ce, "Hamsa, na gode, amma ni ba bara za ni ba. Ciwona na gaskiya ne, ga takardar lokotoro." Da safe ya yi wanka, ya sa shaddarsa ta Juma'a bisa korse, ya kafa hula.

Barandar konsai cike take, benci biyu ga mutum ya fi talatin. Kuran ya tafi a can ma. Kowa da ambulan ɗinsa yana fifita: malamin lakwal, wato makarantar boko, mai tarin da ba ya tsayawa, wata ungozoma da rabin fuskarta ya karkace, wani mai kaki da ƙafa cikin filasta. Akwai wani mai ƙiba da na ga saukowarsa daga taksi garau, yana shiga ƙofar gidan ya fara ɗingishi. An kira shi kafin mu, ya fito yana murmushi. Mu sai bayan azahar aka kira mu, lokacin da azumi ya gama cin kowa, har likitocin. Wannan karon tunda yana takawa da kansa aka ce in tsaya waje. Sai dai zafi ya sa sun bar ƙofa a buɗe, ni kuma na yi lakwal har aji shida, ina tsintar Faransanci.

Babban likitan ya karanta takardar, ya juya wajen Lawali ya tambayi abin da ma'aikata ta gani. Lawali ya gyara murya. Ya ce damina ta ƙarato, iri na jibge a sito, direbobi sun yi ƙaranci. Sa'an nan ya ce shi dai da idonsa ya ga wannan bawan Allah ya cire korse, ya shiga kabari, ya ɗauki gawa.

Likitan ya kalli Baban Nana ta saman tabarau, ya juya harshe zuwa Hausa. "Gaskiya ne?"

"Mahaihiyata ce, lokotoro."

"Ban tambaye ka ko wace ce ba. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

"Ajiye sandar. Taka zuwa bangon can ka dawo."

Ya taka. Na san abin da kowane taki ya ci masa, don ina ganin jijiyar wuyansa, amma ya je ya dawo a miƙe, kai sama, don haka Allah ya yi shi. Ba wanda ya kwantar da shi bisa gadon gwaji, ba wanda ya ɗauko guduma ko allura. Wata matashiyar likita a gefen hagu ta ce ko a sake ɗaukar radiyo kafin a yanke. Babban ya ce layin radiyo sai bayan salla, kuma mutane na jira a baranda. Hukuncinsu ya fito a taƙaice: ya warke daidai komawa aiki, a ba shi aiki mai sauƙi. In bai yarda ba yana iya neman wani gwani ya sake duba shi, amma kafin nan dole ya bayyana a biro, in ba haka ba a rubuta ya gudu daga aiki.

Na tare Lawali a baranda, a gaban kowa, ban damu ba. "Lawali, tuwon Inna nawa ka ci a gidanmu?"

Ya sassauta murya. "Haba Ramatu. Tambayata anka yi, kuma ina azumi. Ƙarya kike so in yi?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ka hwaɗi sauran mana! Ka ga shigarshi ramin, hitowarshi ce ba ka gani ba? Ba ka ga Umaru na jan shi ta hammata ba?"

"Wannan ba su tambaye ni ba."

Baban Nana ya ce, "Ramatu, ya isa. Mu tahi." A taksi na yi kuka har gyalena ya jiƙe, Umaru yana ta cewa kala suru, kala suru, wato a yi haƙuri. Ban taɓa jin kalmar da na tsana irin haƙuri a ranar ba.

Aiki mai sauƙi. Ina son wanda ya rubuta wannan ya zo ya nuna mini aiki mai sauƙi na direba. Satin farko sun bar shi zaune bisa benci a garejin ma'aikata, yana kallon ƙananan direbobi na shiga da fita. Ya kai takardar neman a sake duba shi, aka karɓa, aka ce ya saurara. Kullum ya dawo gab da shan ruwa ƙafar hagu ta yi masa nauyi, in tafasa ruwa in gasa masa, ga zafin gari ga zafin tsumma.

Cikin goman ƙarshe ruwan farko ya sauka. Da la'asar ne, iska ta fara kwashe ledoji da kwanonin rufin da ba su da ƙusa, sa'an nan sama ta buɗe. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ni da Hamsa muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har tukwanen miya, muka tsaya cikin ruwan da kayanmu muna dariya, mun ɗaga fuska amma baki a rufe don azumi. Bukoki duka ta fito. Ni ma na yi murna, ban ɓoye ba, jikina ya yi wata da watanni bai ji sanyi ba. Ban kawo a raina cewa ruwan da ya sauka mana ya sauka wa manoma ba, kuma manomi in ƙasa ta jiƙa iri yake jira.

Washegari aka ba shi makullin mota. Wai tafiya ce ta kusa, wai ba zai taɓa buhu ba, tuƙi kawai. Na ce ya ƙi. Ya ce, "In ƙi da wace hujja? Konsai ta ce na warke." Na ɗaura masa korse da hannuna, na ja ta har ya ce ta matse, na sa masa dabino da ƙullin gari a jaka.

Bai cika mako ba aka dawo da shi, kwance a bayan motar bisa buhunan da suka zama wofi, wani malamin gona ne ke tuƙi. Ruwa ya cinye hanyoyi, sun wuni suna faɗawa rami suna fita. A wani kwari motar ta kafe cikin laka, su biyu ne kawai, hadari kuma na tasowa, ya fito ya sa kafaɗa. Ya ce ya ji wani abu ya ɗaga a bayansa, ba ma da zafi sosai ba, sai ƙafafun suka tafi. Ranar salla a asibiti ta same mu. Dogon likitan ya sake shiga da shi ɗakin aiki, ya daɗe, da ya fito bai kira ni gefe ba, bai ce aikinsa ya yi kyau ba. Ya tambaye ni kawai ko muna da mai taimaka mini a gida.

Zuwanmu konsai na uku damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe bakin titi, kwatocin unguwa sun cika sun tumbatsa. Bisa kujerar roba muka shigar da shi, Umaru ta dama, wani maƙwabci ta hagu, ni ina riƙe da ƙafafunsa kada su ja ƙasa. Ba mu yi layi ba, mutanen baranda da kansu suka buɗa mana hanya. Tebur ɗin nan ne, mutanen nan ne, Lawali a ƙarshensa yana kallon bantilate da ke juyawa a rufi. Yau an ɗauko guduma, an ɗauko allura. Suka buga gwiwa, shiru. Suka tsikari yatsu, suka hau ƙwauri, suka kai cinya, yana kallonsu yana girgiza kai.

Babban likitan ya ɗaga sabon radiyon wajen taga, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai cikin takaici na gaske. Bai gane mu ba, fuskoki nawa yake gani. Ya ce, "Kai kuwa, bawan Allah, wa ya ce ka koma tuƙi da wannan bayan?"

Baban Nana ya sunkuyar da kai, shi ba ya kunyata babba. Ni ce na amsa.

"Kai ne, lokotoro. Nan kake zaune, cikin azumi."

Matashiyar likitar ta duƙar da kai bisa takardunta. Shi kuma ya cire tabarau ya goge su da gefen riga, ya mayar, ya yi magana da na kusa da shi ƙasa-ƙasa. Sa'an nan ya dube ni ya ce, da murya mai taushi, irin ta mai yin kyauta, "Madam, mun ba shi wata shida. In sun ƙare za a sabunta, ba sai kun sake wahalar kawo shi ba."

Wata uku muka roƙa, lokacin da wata uku za su tashe shi. Ga shi yau shekara goma yana hutawa.